Yunwar da Ta Tanƙwara Zeyus: Fashin Baƙi kan Tatsuniyar Noma ta Tsoffin Girkawa

Yawancin waɗanda suka taɓa jin labarin Dimita da 'yarta Fasifoni sun san shi ne a matsayin tatsuniyar da tsoffin Girkawa suka ƙaga domin su bayyana dalilin da ya sa ƙasa take yin kore a wani ɓangare na shekara, sannan ta ƙeƙashe a wani ɓangaren. Hakan yana cikin labarin, sai dai a can ƙarshe yake zuwa, cikin 'yan baitoci kaɗan, bayan an shafe ɗaruruwan baitoci ana maganar uban da ya ba da 'yarsa aure ba da sanin uwarta ba, da uwar da ta ƙi haƙura, da kuma mutanen duniya da suka kusa ƙarewa da yunwa a kan rigimar da babu hannunsu a ciki.

Mafi daɗewar cikakken rubutun labarin shi ne wata doguwar waƙar yabon Dimita mai baiti 495, wadda aka saba jingina wa mawaƙi Homa, ko da yake masana sun yi ittifaƙin cewa ba shi ya tsara ta ba. Ana ganin an tsara ta a ƙarni na 7 ko na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kwafi ɗaya tak ya tsira, wanda wani masani Bajamushe mai suna Matthaei ya gano a birnin Mosko a shekarar 1777, kuma yanzu yana ajiye a Leiden ta ƙasar Holan. Girkawan wancan zamani masu bautar alloli da yawa ne, kuma a aƙidarsu 'yan'uwa uku ne suka raba duniya ta hanyar ƙuri'a: Zeyus ya sami sama da shugabancin sauran, Fosaidon ya sami teku, Hedis kuma ya sami ƙarƙashin ƙasa inda matattu suke. Dimita 'yar'uwarsu ce, ita ke da iko a kan hatsi, Fasifoni kuwa 'yarta ce da ta haifa wa Zeyus.

Tun a baitocin farko mawaƙin ya faɗi wanda ya ƙulla abin, wato Hedis ne ya sace yarinyar amma Zeyus ne ya ba shi ita. Fasifoni tana tsinkar furanni a wani fili tare da ƙawayenta, sai ta hangi wani fure mai ban sha'awa wanda aka tsirar da shi musamman a matsayin tarko bisa umarnin mahaifinta. Da ta miƙa hannu, ƙasa ta tsage, Hedis ya fito a kan keken doki na zinariya, ya sungume ta tana kururuwa. Wanda ta kira da ƙarfi domin ya cece ta shi ne uban nata, amma waƙar ta ce a daidai wannan lokaci Zeyus yana can gefe a wani ɗakin bauta yana karɓar hadayun da mutane suke kawo masa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu na hadaya, domin shi ne zai warware rigimar daga baya.

Ga Bagirken da ya fara sauraron wannan waƙa, abin da Zeyus ya yi bai saɓa wa doka ba ko kaɗan. A birnin Atina na zamanin dā, aure yarjejeniya ce tsakanin uban yarinya da mijin da zai ɗauke ta, ba a buƙatar amincewar yarinyar, ba a kuma buƙatar ta uwarta. Akan aurar da 'yan mata suna da shekara 14 ko 15 ga maza masu kimanin shekara 30, kuma lafazin da uba yake furtawa wajen bayarwa lafazi ne na gona, domin yakan ce ya ba da ita ne don noman 'ya'ya na halal. Auren baffa da 'yar ɗan'uwansa ma ba baƙon abu ba ne a wurinsu, musamman idan yarinya ce kaɗai magajiyar mahaifinta, inda doka take ba wa namiji mafi kusanci a dangin uba haƙƙin aurenta don kada dukiya ta fita daga gida. Abin da waƙar ta yi da ya sa ta fita daban shi ne ta ɗauki wannan aure na yau da kullum, ta ba da labarinsa daga ɓangaren uwa da 'ya, har amarcin ya koma tafiya zuwa ƙasar matattu.

Dimita ta yi kwana 9 tana yawo a doron ƙasa riƙe da itatuwa masu ci da wuta, ba ci, ba sha, ba wanka, kuma babu wanda ya yarda ya gaya mata gaskiya, a cikin alloli ko a cikin mutane. A rana ta 10 ne wata allahiya mai suna Hikati, wadda ta ji ihun yarinyar daga kogonta amma ba ta ga ɓarawon ba, ta raka ta wurin Hiliyos, wato rana, mai ganin komai. Amsar Hiliyos tana daga cikin wuraren da suka fi nuna basirar mawaƙin. Ya faɗa mata gaskiya cewa babu mai laifi sai Zeyus, amma nan take ya juya yana ba ta shawarar ta daina kuka da fushin da ba shi da amfani, tunda Hedis ba surukin da za a raina ba ne, ɗan'uwanta ne kuma shi ke mulkin kashi ɗaya cikin uku na duniya. Wannan ita ce muryar mutumin da ya ga zalunci da idonsa, ya san sunan wanda ya yi, sannan ya zaɓi ya lallashi wanda aka zalunta da lissafin arzikin da ke cikin abin. Yana gama magana ya kaɗa dawakansa ya ci gaba da aikinsa.

Daga nan Dimita ta ƙaurace wa fadar alloli da ke dutsen Olimfus, ta rikiɗe zuwa tsohuwa, ta sauka a garin Ilusis da ke da nisan kimanin kilomita 20 daga Atina. 'Ya'yan sarkin garin, Keliyos, suka same ta a bakin rijiya, suka kai ta gida, aka ɗauke ta rainon jaririn sarauniya Metanira mai suna Dimofon. Ta ƙi shan giyar da aka ba ta, ta nemi a dama mata garin sha'ir da ruwa da na'a-na'a, abin shan da daga baya ya shiga cikin ibadar garin. Sai dai abin da ta yi da jaririn yana buƙatar a tsaya a kansa. Ta ƙudura za ta mayar da shi marar mutuwa, don haka kowane dare takan binne shi a cikin wuta ba tare da iyayensa sun sani ba. Ranar da uwar ta leƙo ta gani ta fasa ihu, Dimita ta fusata, ta dire yaron a ƙasa, ta zargi 'yan Adam da wauta, ta bayyana ainihinta, ta kuma umarci mutanen garin su gina mata ɗakin bauta. A ganina mawaƙin bai sa wannan ɓangare don cike gurbi ba. Uwar da aka yanke hukunci a kan 'yarta ba da saninta ba, ita ma da ta sami wadda ta fi ƙarfi sai ta yanke hukunci a kan ɗan wata ba da saninta ba, kuma ta ɗauki kukan uwar a matsayin rashin hankali, kamar yadda Hiliyos ya ɗauki nata.

Bayan an gama ginin ne ta shiga ciki ta zauna, ta kuma hana ƙasa fitar da tsiro har tsawon shekara guda. Waƙar ta siffanta shekarar da harshen manomi: shanu sun yi ta jan garma a banza, an yi ta zuba irin sha'ir a ƙasa a banza, domin Dimita ta ɓoye shi. Mawaƙin ya ce da ta hallaka 'yan Adam baki ɗaya da yunwa, ta kuma raba mazauna Olimfus da kyaututtuka da hadayun da suke samu, ba don Zeyus ya lura ba. A nan ne asirin labarin yake. Kukan 'yarsa bai motsa Zeyus ba, yawon Dimita na kwana 9 bai motsa shi ba, ƙauracewarta ma ba ta dame shi ba. Ya farga ne lokacin da ya tabbata cewa idan manoma suka mutu babu mai yanka masa dabba. Ko a lokacin ma bai fara da gyara ɓarnar ba, sai da ya gwada sayen shirunta. Ya aika Iris, manzon alloli, ta kira ta, ta ƙi. Ya aika sauran alloli ɗaya bayan ɗaya da kyaututtuka da alƙawarin duk wata daraja da ta zaɓa, ta ce ba za ta taka Olimfus ba, ba kuma za ta saki amfanin gona ba, sai ta ga 'yarta da idonta. Sai da duk waɗannan hanyoyi suka toshe sannan ya tura ɗan aikensa Hamis ƙarƙashin ƙasa ya dawo da yarinyar.

Hedis bai yi gardama ba. Ya yi murmushi, ya sallami matar tasa da daɗin baki, yana tuna mata irin mulki da girman da za ta samu a matsayin sarauniyar matattu, sannan ya ba ta ƙwayar rumman a asirce ta ci, alhali dokar wurin ita ce duk wanda ya ci abincinsa ya ɗaure kansa da shi. Da Fasifoni take ba uwarta labari, cewa ta yi tilasta mata ya yi ta ci. Sulhun da aka ƙulla shi ne za ta riƙa yin kashi ɗaya cikin uku na kowace shekara a ƙarƙashin ƙasa, kashi biyu kuma tare da uwarta. Dimita ta amince, gonaki suka farfaɗo, ta koya wa shugabannin Ilusis, ciki har da Tiriftolimos wanda wasu ruwayoyi suka ce shi ya yaɗa noman hatsi a duniya, ibadar sirri da garin ya shahara da ita. Babu wanda aka hukunta. Zeyus bai nemi gafara ba, auren bai mutu ba, Hedis ya ci gaba da riƙe rabonsa, kuma waƙar ba ta sake waiwayar waɗanda yunwar ta galabaita ba. Zagayowar yanayi a wannan tatsuniya sakamakon ciniki ne tsakanin manya biyu da kowannensu ya kasa murƙushe ɗayan gaba ɗaya. Mawaƙin Rumawa Obid, wanda ya sake ba da labarin a farkon ƙarni na 1 Miladiyya, ya mayar da wurin satar tsibirin Sisili, ya ce ƙwayoyin rumman 7 ne, ya kuma raba shekarar biyu daidai, amma bai taɓa wannan ƙashin bayan ba.

Tambayar da ta daɗe tana raba kan masana ita ce wane yanayi ne Fasifoni take ɓacewa a cikinsa. Mai karatu a Turai ta arewa zai ce lokacin sanyi ne, kuma waƙar kanta tana goyon bayansa, tunda ta ce yarinyar za ta riƙa dawowa ne sa'ad da ƙasa ta cika da furanni bayan wucewar sanyi. Matsalar ita ce kalandar noman Girka ba ta tafiya haka. A can ruwan sama a lokacin sanyi yake sauka, akasin namu da damina take zuwa bayan zafin bazara. Ana huɗa a yi shuka a watannin Oktoba da Nuwamba, alkama da sha'ir su yi ta girma cikin sanyi, a girbe su a Mayu da Yuni. Watannin da gona take zama fayau su ne na tsananin zafi, daga bayan girbi zuwa saukar ruwan farko, kimanin wata 4, wato kashi ɗaya cikin uku na shekara. Wannan ne ya sa masanin addinin Girkawa ɗan ƙasar Suwidin, Martin Nilsson, ya kawo ra'ayin cewa zaman Fasifoni a ƙarƙashin ƙasa yana nufin watannin da ake adana irin shuka a rumbunan da aka haƙa a ƙasa, dawowarta kuma ita ce fito da irin a lokacin shuka. Ra'ayin yana da daɗi kuma ya dace da lokacin manyan bukukuwan Dimita, amma bai iya kawar da baitin furannin ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne mutanen da suka yi ta maimaita labarin tsawon ƙarnoni ba su ɗaure shi da kalanda ɗaya ba, kuma abin da ya fi damunsu shi ne fargabar cewa iri zai iya shiga ƙasa ya ƙi fitowa. Fargabar tana da dalili, domin yankin Atina yana samun ruwan sama kimanin milimita 400 ne kawai a shekara, abin da ya sa sha'ir mai jure ƙarancin ruwa ya fi alkama yawa a gonakinsu.

Wannan fargaba ce ta haifar da bikin Tesmoforiya, wanda matan aure kaɗai suke yi gab da lokacin shuka, maza ba sa kusantar wurin. A Atina kwana 3 ake yi, kuma a rana ta biyu matan sukan zauna a ƙasa suna azumi. Akan fito da ragowar 'ya'yan aladu da aka jefa cikin ramuka tun da farko, a ɗora a kan bagadi, manoma su gauraya da irin shukarsu. A al'ummar da mace ba ta da kujera a majalisa, an yarda cewa albarkar gonar shekara tana hannun taron da maza ba su da izinin shiga.

Ba kowane Bagirke ne ya ga Zeyus da idon wannan waƙa ba. Hesiyod, mawaƙi kuma manomi daga ƙauyen Askira wanda ya rayu wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ɗauke shi a matsayin mai tsaron adalci. Ya tsara waƙarsa ta ayyukan gona ne yana yi wa ɗan'uwansa Fasis faɗa, wanda ya ce ya cinye masa gado ta hanyar sayen sarakunan da ya kira masu haɗiye kyauta. A cikinta yake koyar da cewa a fara girbi idan taurarin kaza da 'ya'yanta suka fito, a fara huɗa idan suka faɗi, kuma a cikinta yake ba da labarin shahon da ya cafke wata ƙaramar tsuntsuwa mai daɗin murya, ya ce mata ta daina kuka, wanda ya fi ta ƙarfi ne ya riƙe ta, in ya ga dama ya cinye ta, in ya ga dama ya sake ta. Hesiyod ya yi gargaɗin cewa Zeyus yana hukunta masu karkatar da shari'a, amma irin hukuncin da ya ambata abin lura ne: sau da yawa gari guda yakan sha wahala saboda mugun mutum ɗaya, a saukar musu da yunwa da annoba, jama'a su yi ta mutuwa. Ko a wurin mawaƙin da ya fi kyautata wa Zeyus zato, laifin na babba ne, yunwar kuma ta kowa ce.

Labari ɗaya da yunwa ta faɗa wa mai laifin kai tsaye shi ne na Irisikton, wani basarake a yankin Tesaliya, wanda ya shiga kurmin da aka keɓe wa Dimita da mutanensa da gatura. A ruwayar mawaƙi Kalimakos, katako yake nema don ya gina zauren da zai riƙa yi wa abokansa liyafa, kuma da allahiyar ta zo masa a siffar mai hidimar ɗakin bautarta tana roƙonsa ya bari, sai ya yi barazanar sara ta. Aka ɗora masa yunwar da ba ta ƙoshi, ya cinye dabbobin gidan ubansa kaf, ya ƙare yana bara a mararraba. Obid ya ƙara wa labarin muni, inda ya ce mutumin ya yi ta sayar da 'yarsa don ya sami abin ci, daga ƙarshe ya koma cin naman jikinsa. Bambancin Irisikton da Zeyus a bayyane yake: shi mutum ne, akwai wanda ya fi shi. Duk da haka, ko a nan sai da wata 'ya ta biya bashin ubanta.

Ibadar sirrin Ilusis ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan bukukuwan duniyar Girkawa. Kowace shekara, wajen Satumba zuwa Oktoba, dubban mutane sukan taka daga Atina zuwa can, kuma ƙofa a buɗe take ga maza da mata har da bayi, muddin mutum yana jin Girkanci kuma bai zubar da jini ba. Tona asirin abin da ake yi a ciki laifi ne da ke iya kai mutum ga kisa, kuma zargin yi wa ibadar izgili yana cikin abin da ya jefa fitaccen janar Alkibiyadis cikin gudun hijira a shekara ta 415 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An ci gaba da ibadar har zuwa ƙarshen ƙarni na 4 Miladiyya.

Sai dai tatsuniyar da ta tona yadda mai iko yake tunani ba ta tsira daga hannun masu iko ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Atina take juya ƙawayenta kamar talakawanta, majalisar birnin ta zartar da wata doka da aka sassaƙa a kan dutse, wadda ta wajabta wa manoman Atina da na biranen ƙawance su kai nunan fari Ilusis: aƙalla kashi 1 cikin 600 na sha'ir da kashi 1 cikin 1200 na alkama. Dokar ta ba da umarnin a gina rumbuna 3 don tara hatsin, ta kafa hujja da al'adar kakanni da kuma faɗar mai duba ta ɗakin bautar Delfi, sannan ta ce a gayyaci sauran biranen Girka su ma su kawo ba tare da an tilasta musu ba. Adadin ba shi da yawa, kuma ba shi ne abin nufi ba. Abin nufi shi ne kowane birni ya amsa a aikace cewa daga ƙasar Atina noma ya fito, saboda haka ana binsa bashin godiya. Wajen shekara ta 380 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) mai jawabi Isokiratis yana nan yana kafa hujja da kyaututtukan Dimita guda biyu, hatsi da ibada, don ya nuna cewa Atina ce ta cancanci jagorancin Girkawa.

Birnin da yake wannan iƙirari kuwa bai iya ciyar da kansa daga gonakinsa ba. Kaso mai yawa na hatsin da Atinawa suke ci ta jiragen ruwa yake zuwa daga yankin Baƙin Teku, ta wata siririyar mashiga da ake kira Helesfont. A shekara ta 405 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kwamandan birnin Isfata, abokin gabar Atina, mai suna Lisanda ya tarwatsa rundunar ruwan Atina a Egosfotami, a cikin wannan mashiga, sannan ya zo ya datse Firiyas, tashar jiragen ruwan Atina. Atinawa sun yi watanni suna jurewa, mutane suna mutuwa da yunwa a cikin gari, kafin a shekara ta 404 su amince da sharuɗɗan da suka haɗa da rushe dogayen ganuwowinsu da miƙa kusan dukkan jiragen yaƙinsu.